An sheƙa masa fiya wata ya koma fili, to daga nan fa?

Kaka ta yi. Daga Dambatta zuwa Makoɗa, Kunchi da Tsanyawa, da zarar an kwashe gero da gyaɗa sai gona ta koma filin ƙwallo: a kafa raga da gora, a sa kofi, wani ɗan siyasa ya ba da jesi. Mu kuma 'yan waya muna gefe, jira muke wani ya faɗi mu ɗora a TikTok.

Kowa ya san yadda ake yi. Mutum biyu su tashi hedin, kai ya haɗu da kai, ɗaya ya zube. A ruga da fiya wata a sheƙa masa, a ce "tashi mana, kai fa namiji ne!" Ya miƙe yana layi, a yi tafi, koci ya mayar da shi ciki. Wallahi wannan tafin ba ƙauna ba ce.

Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Idan aka bugu, girgiza take yi ta daki ƙashi, kuma mafi yawan waɗanda hakan ke samu ba sa ma suma. Alamun na iya ɓoyewa har kwana uku. Wani jini ne ke taruwa masa a hankali: ya ƙarasa wasa, ya ci tuwo, ya yi hira, cikin dare a kasa tashinsa, gari ya waye ana zancen iska ko sammu. Bugu na biyu kafin na farko ya warke kuwa yana iya kumbura ƙwaƙwalwa, kuma matasa ya fi kamawa.

'Yan Arsenal za su tuna Nuwamban 2020, da David Luiz ya yi karo da Raul Jimenez na Wolves. Ƙoƙon kan Jimenez ya tsage, shi kuwa Luiz aka naɗe masa kai ya ci gaba da wasa jini na ɗiga. An yi ta suka, kuma a 2024 aka shigar da canjin ɗan wasa na musamman saboda bugun kai cikin dokokin ƙwallo. A Amurka, dubban tsofaffin 'yan wasan NFL ne suka kai ƙara, har a 2013 hukumar ta amince ta biya dala miliyan 765.

Mu nan da an ce sakaci sai a ce ƙaddara. To ai fiƙihun da muka taso muna ji a zaure bai raina kai ba: raunin da ya tone har ƙashi ya bayyana diyyarsa raƙuma biyar, gushewar hankali kuwa cikakkiyar diyya ce. Ba cewa nake a maka wanda ya yi karon a kotu ba, wannan tsautsayin wasa ne. Maganata a kan kwamitin gasa take. Wanda ya karɓi kuɗin rajista da na ƙofa ya ɗauki amanar 'ya'yan mutane. Idan ya ga yaro na layi ya bari aka mayar da shi, iyayen yaron na da hujjar neman haƙƙinsu gaban alƙali.

Gyaran ma ba tsada gare shi ba. A rubuta a dokar gasa cewa duk wanda ya bugu a ka ya gama wasan ranar, ko fainal ce, ko shi ne mai cin ƙwallon garin. A kwana ana duba shi. Idan yana ta amai, ciwon kai na ƙaruwa, barci na rinjayarsa ko ya fara shirme a magana, ba zancen kemis ba ne, sai asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, irin Asibitin Malam Aminu Kano. Tafiyar kuwa ba kusa ba ce, don haka kuɗin man motar da za ta tsaya a bakin fili ya kamata a fara cirewa, kafin na kofi da na DJ.