Zauren da Muka Rushe

Duk wanda ya yi tafiya a cikinmu a zamanin da motar katako ke kwana a hanya, zai tuna cewa ba a tambayar matafiyi ko yana da kuɗin ɗaki. Abin da ake tambayarsa shi ne, "Gidan wa za ka sauka?" In ma bai san kowa ba, ya nufi masallacin unguwa ya yi magariba. Kafin a shafa addu'a, wani ya riga ya ɗaukar masa jaka.

A cikin birnin Kano na tashi. A gidanmu, kamar sauran gidajen layin, zaure na jama'a ne. Tabarmi na naɗe a lungu, ga buta, ga randa da moɗa a kai. Bayan lisha sai a fito da akussan tuwo, maƙwabta su kawo nasu a yi ciyayya, wanda yau ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ci ya ƙoshi, babu wanda ya gane. Mu yara aikinmu kai ruwan wanke hannu da kwashe kwanuka. Ladanmu kuwa labaran baƙi: na Gwanja, na Agadas, da na waɗanda suka je Makka ta ƙasa, suka bi ta Chadi da Sudan, suka yi shekaru kafin su dawo.

Yanzu jikokina sun san garuruwan duniya a waya fiye da yadda na san su. Amma ban taɓa ganin sun kai wa baƙon da ba su sani ba ruwa, don ba ya zuwa. Ta ina zai shigo?

Da na fara zuwa Damagaram, a unguwar Zango na sauka, wajen wani dattijo da aka haɗa ni da shi da saƙon baka kawai. Garin kashi biyu ne tun asali: Birni, inda fadar sarki take, da Zango, inda fatake ke sauke kaya. Damagaram ce hedikwatar Nijar a hannun Faransawa har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai, amma kafin zuwansu ma ayarin raƙuma daga arewa a nan yake yada zango a kan hanyarsa ta Kano. Dattijon nan bai tambaye ni ranar tafiyata ba. Sai da na ci, na yi wanka, na huta, sannan ya ce, "Ɗana, ya mutanen gida?" Gidajen ƙasa masu zayyana a goshin zaure suna nan a Zango da Birni, kuma mai gida yakan zuba adonsa ne daidai inda baƙo zai fara ɗora ido.

A Kumasi na ƙara fahimtar abin. Can ma, a Zango da Aboabo, da ka yi sallama da Hausa za a amsa, a kawo maka koko da ƙosai da safe. Kakannin waɗannan mutane goro ya kai su. Salaga ce babbar kasuwarsa, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta, 'yan kasuwa suka bazu Kumasi da Kete-Krachi da Akara. Abin da ya riƙe wannan fatauci shi ne fatoma. Shi zai sauki falke, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da bashi, sannan ya sami la'adarsa in an yi ciniki. Babu takarda, babu sa hannu. Sunan mai gida shi ne jingina, in ya ɓaci sau ɗaya, ayarin baɗi gidan wani zai sauka. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goron nan ya fara kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi. Ko korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a ƙasar a 1969 ba ta rufe ƙofofin Zangon Kumasi ba.

Ba na ɗora wa kowa laifin dogon gini da ƙofar ƙarfe. Mun ga abin da rashin tsaro ya yi wa ƙauyukanmu da hanyoyinmu, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: tun kafin tsoro ya zo muka fara mayar da zaurukanmu shaguna da garejin mota. Kuɗin haya ya rinjaye mu. Da zaure ya tafi, ciyayya ta bi shi, sulhun maƙwabta ya koma ofishin 'yan sanda, ɗan uwa daga ƙauye kuwa in ya kawo marar lafiya asibiti sai ya kwana a baranda.

Kai da ke shirin aza harsashi bana, ka ce wa magini ya fitar maka da ɗaki ɗaya mai ƙofa ta waje. Ka sa tabarma da buta. Ko baƙon nesa bai zo ba, maƙwabcinka zai zo.