Koya Wa Matasa Kiɗa Da Waƙa: Rawar Ƙananan Hukumomin Boɗinga Da Shagari

Idan za a iya tunawa, a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Duk da tafiyar hawainiyar da aka yi wajen aiwatarwa, hukuncin ya ƙara wa jama'a ƙwarin gwiwar kai buƙatunsu sakatariya. A ganinmu, daga cikin buƙatun da suka cancanci kulawa a Boɗinga da Shagari akwai koya wa matasa kiɗa da waƙa.

Ƙasar Sakkwato ce ta fitar da Ibrahim Narambaɗa mai kotso, a fadar Sarkin Musulmi kuma Salihu Jankiɗi ya kaɗa taushi. A da, yaro kan koyi wannan sana'a wajen mahaifinsa ko ubangidansa, ya fara daga amshi. Yau wannan hanya ta yi rauni, tsofaffin masu sana'ar kuma suna ƙarewa.

Waƙa ba baƙuwa ba ce a yankin. A Sifawa ta ƙaramar hukumar Boɗinga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, shi da almajiransa kuwa sun karantar da jama'a da rubutattun waƙoƙi. Marigayi Alhaji Shehu Shagari ma, yana malamin makaranta, ya rubuta Waƙar Nijeriya.

Sai dai tarihi kaɗai ba ya fitar da kuɗi daga baitulmali. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi hannu a ilimin firamare da na manya da na koyon sana'a. Ta wannan ƙofa ya kamata matasa su shigo: su yi wa ƙungiyarsu rajista, su rubuta yawan ɗalibai da kuɗin kayan kiɗa da alawus na masu koyarwa, su miƙa ta hannun kansila kafin a kammala kasafin kuɗi. Abin da bai shiga kasafi ba, alkawari ne kawai.

Haka kuma wajibi ne a tuntuɓi hakimai da malamai da iyaye tun farko, domin tsarin ya dace da addini da al'ada. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomin, da albashi da asibiti da rijiyoyi ke jiransu, muna kira gare su da su fara da makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, tun masu koyarwar suna raye.