Kibiya Wuƙar Yanka Ce: Nasiha Ga Mai Harbi Da Mai Cin Naman Daji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



An girbe hatsi, ɗari ya shigo, samari sun sami sarari. Daga Matankari zuwa Kore Mairuwa, daga Tibiri zuwa Geceme, za ka ga yaro da wani baka na zamani da ya harhaɗa da hannunsa: guntun katako, robar cikin taya, kunama irin ta bindiga, da kibiyar ƙarfe da ya wasa a kan dutse. Da maraice ya dawo da zomo ko fakara, uwa ta ɗora tukunya, uba ya ci ya sa albarka. Tambayar da nake yi maka, ya kai mai gida: ka taɓa zaunar da shi ka ji yadda dabbar nan ta mutu?

Ba na zargin sana'ar. Harbi gadon Arewa ne, da kwari da baka mutanen Lugu suka tari rundunar Turawan Faransa a shekarar 1899. Shari'a ma ta halatta farauta a Suratul Ma'ida, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce wadda aka yi don abinci ko neman na kai halal ce, wadda aka yi don wasa kawai makaruhi ce. Abin da ya ɓace mana shi ne sanin cewa harbi yanka ne. Dabbar dawa ba ta tsayawa a kama ta, shi ya sa aka yi rangwame kibiya ta tsaya a matsayin wuƙa. To, wuƙar yanka tana da sharuɗɗa, haka ita ma kibiya.

Na farko, niyya da ambaton sunan Allah a lokacin sakin kibiya. Wanda ya bar Bismillah da gangan, abin da ya kashe mushe ne. Wanda ya manta, an yafe masa. Wanda ya harbi kututture don gwada hannu, kibiya ta kauce ta kashe zomo, ba a ci, domin bai nufi farauta ba.

Na biyu, makamin ya kasance mai kaifi ko tsini, ya huda ya fitar da jini. Adiyyu ɗan Hatim, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wani makamin jifa mai tsini, aka ba shi amsar da ma'anarta ita ce: abin da tsinin ya huda a ci, abin da gefen makamin ya buge ya mutu kada a ci. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. A nan ne hukuncin danƙo ya fito. Kurciyar da dutsen danƙo ya buge ta faɗo matacciya bugaggiya ce, tana cikin jerin haramtattun da aya ta 3 ta Ma'ida ta lissafa. Haka abin da aka jefa da kulki, haka abin da aka iske ya mutu a tarko, sai fa in an riske shi da rai an yanka.

Na uku, ka bi abin harbinka da gaggawa, wuƙa tana jikinka. In ka iske shi da rai, kibiya ba ta sami makasa ba, yanka ya wajaba. In ka tsaya hira, ko wuƙar tana gida har ya mutu a gabanka, sakacinka ya haramta shi. In ya ɓace maka har ya kwana a dawa, sanannen zance a mazhaba shi ne a bar shi, domin ba ka san abin da ya ƙarasa shi cikin dare ba.

Na huɗu, dafi. Maharban dā suna shafa wa kibiya dafin ƙwanƙwani, har yau akwai masu yi. Malam Halilu a Muhtasar ya sa wanda aka harba da makami mai dafi cikin waɗanda ba a ci, kuma masu sharhi sun bayyana dalili: in kibiyar ba ta sami makasa ba, ba a kuma yanka ba, wa zai rantse ƙarfe ne ya kashe ba guba ba? Ga kuma haɗarin da ke kan masu ci.

Na biyar, dabbar ta kasance ta dawa. Wannan shi ne ya fi jawo rigima a garuruwanmu. Zabin gida suna kiwo har bakin fadama, yaro ya harbo ɗaya ya ce ta daji ce. Laifi biyu ke nan: dukiyar maƙwabci ce aka ci ba da yardarsa ba, sannan abin gida ba ya halatta da harbi, sai da yanka. Kwanakin baya wani dattijo ya tare ni bayan La'asar, ya ce sai da aka cinye farfesu ya gane zabuwar ta wata gwauruwa ce da ke sayar da ƙwai tana ciyar da marayu. Na ce masa ya biya kuɗinta, ya nemi gafararta, ya kuma kai yaron da kansa. Haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Wani zai ce: Malam, nama ya yi tsada, yaro ya kawo ɗan abin miya, sai a tsananta? Na san halin da ake ciki, ni ma a kasuwa ɗaya nake saye da ku. Amma duba sharuɗɗan nan, wanne ne ke cin ko dala? Bismillah kyauta ce, wuƙa tana kowane gida. Abin da ake nema koyarwa ce ta rabin sa'a, kuma wannan nauyin uba ne.

Sai batun dawa kanta. Tsofaffi suna ba da labarin barewa da gada a Dallol Mawri. Yau yaro nawa ya taɓa ganinsu? Raƙuman dawa na yankin Kure sun ragu har suka koma kusan 50 a shekarar 1996, sai da aka tsaya kan kare su sannan suka haura ɗaruruwa. Ƙasarmu tana da dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta shar'anta takardar izini, ta ware lokacin farauta, ta hana taɓa wasu dabbobi. Bin hukuma a abin da yake maslaha ce ta jama'a yana cikin addini, don haka a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a fita. Wanda kuwa ya cinna wa dawa wuta don ya kori gafiya, ya ƙone ciyawar da garken gari zai ci har damina, ya shirya amsar da zai ba Allah.

In nama ya halatta ya iso gida, uwar gida, saura naki. Jinin da ya kwarara najasa ne, a wanke shi. Gaɓar da kibiya ta cire, dabbar ta tsere da ranta, mushe ce, a yar. A lalubo guntun ƙarfe kafin a sa a tukunya. Ko gashi ne, ko banda, ko farfesu, a bari ya nuna har ciki, mai rauni a hannu kuma kada ya yi fiɗa. Zazzaɓin Lasa da ke kashe mutane a Najeriya maƙwabciyarmu daga ɓera yake kamuwa, a kiyayi taɓa dangin ɓera. Kuma a raba da maƙwabci, ko romo ne.

Abu na ƙarshe: wannan baka makami ne. Manzon Allah (SAW) ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa Musulmi ciwo, ya kuma hana nuna ɗan uwa da makami. Kada a ɗana shi cikin gari, kada a bar shi inda ƙanana ke wasa. Ido ɗaya da aka tsone ya fi duk zomayen dawa tsada, kuma diyya tana hawa ko da kuskure ne.

Yau bayan Isha'i, ka kira ɗanka, ka ce ya kawo bakan, ka yaba hannunsa, sannan ka karanta masa sharuɗɗan nan biyar. Wanda ke da mas'alar da ba ta zo nan ba, ya kai ta ga limamin unguwarsa.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mana zuriya. A tura wa ƴan uwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.