Kafin Ka Kai Iyali Kwazazzabon Kola

 

Kwanakin nan akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a wayoyin yaranmu. Mutum biyar ko shida ne a cikin kogon dutse, kowa ya sa tabaran ruwa da ɗan bututu a baki, suna iyo a kan ruwa garai-garai, ɗan jagora na gabansu da tocila. Yaro na gani sai ka ji, "Baba, mu ma a kai mu mana." Uba kuwa hankalinsa na kan kayan da suka maƙale a kan iyaka, sai ya ce ai wannan sai ƙasar Turawa, ya rufe maganar. To, maganar ba ta rufu ba. Muna da abin da ya yi kusa da wannan a nan arewacin Kamaru, kuma samarin Garwa sun san da shi. Wanda ubansa bai kai shi ba, abokai za su ɗauke shi a babur ranar yawon Salla, ba tare da an sani a gida ba. Don haka gara mu san wurin, mu san ruwansa, mu kai su da kanmu.

Yawancin waɗannan bidiyoyi daga yankin Yukatan na ƙasar Meziko suke fitowa. Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce, wanda ruwan sama ke narkarwa a hankali cikin dubban shekaru har ya yi koguna a ƙarƙashin ƙasa. Inda rufin kogon ya rufta, sai a ga tafki a buɗe, su mutanen can suna kiransa senote. Ruwan yana da haske ne saboda ta cikin dutse ya tato, babu laka, babu shanu, babu masu wanki. A shekarar 2018 masu bincike suka tabbatar cewa kogunan Sak Aktun da Dos Ohos haɗe suke, tsawonsu ya kai kilomita 347. Amma ko a can, baƙo ba ya shiga yadda ya ga dama. Ana shiga ne 'yan kaɗan-kaɗan tare da ɗan jagora, kuma mai bututu a baki ba ya wuce inda akwai sararin iska a samansa. Abin da ya wuce nan, sai ƙwararrun masu nutso da ke goye da tukunyar iska.

Namu na nan shi ne kwazazzabon Kola, 'yan kilomitoci kaɗan daga garin Gider, hedkwatar gundumar Mayo Luti, kimanin kilomita 100 arewa da Garwa idan an ratse daga hanyar Marwa. Kogin Mayo Luti, wanda ya taso daga duwatsun Mandara ya gangara ya faɗa Mayo Kebi kafin a haɗu da Binuwai, shi ne ya sassaƙe dutsen wurin. Da rani, idan ruwa ya janye, mutum zai sauka ya yi tafiya a kan yashi tsakanin bangayen dutse masu sulɓi, baƙi da fari-fari, wani wuri ya buɗe, wani wuri ya tsuke, ga lunguna da ƙananan koguna, ga ruwa kwance a cikin kwarmin dutse nan da can. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, inuwar wurin kaɗai ta isa ta ja mutum. Waɗanda harkarsu ke kai su Ngaundare kuwa, sun san magangarar ruwa ta Tello, wadda ke da babban kogo a bayan ruwan da ke zubowa. Wurare ne da ya kamata yaranmu su gani. Ɗan da aka haifa a Garwa, bai san komai ba sai hanyar shago da makarantar allo, an rage masa wani abu.

Sai dai ruwan Kola ba ruwan Meziko ba ne, kuma bambancin yana iya zama rai.

Abu na farko shi ne lokaci. Kwazazzabon da kake tafiya a cikinsa da rani, hanyar kogi ce. Da damina, daga wajejen watan Mayu zuwa Oktoba, ruwa ne ke cika shi da ƙarfi. Haɗarin ba a tsakiyar damina yake ba, domin a lokacin ba mai hankalin da zai sauka. Haɗarin yana farkonta da ƙarshenta, lokacin da ƙasa ke a bushe a Gider, sama fes, alhali an kwana ana ruwa a kan duwatsun Mandara. Wannan ruwa zai biyo mayo, ya tarar da matsattsen wuri, ya taso lokaci guda, kuma bangon dutse mai sulɓi ba ya hawuwa. Haka ta faru a wani kwazazzabo da ake kira Antelop a jihar Arizona ta Amurka a watan Agustan 1997: ruwan da aka yi a nesa ya shigo ya kashe masu yawon buɗe ido 11. Da yawanmu kuma mun tuna yaran nan 12 'yan ƙwallo da kocinsu da suka shiga kogon Tam Luwang a ƙasar Tailan ranar 23 ga Yunin 2018, ruwa ya toshe musu hanya. Sai ranar 10 ga Yuli aka gama fito da su, bayan ɗaya daga cikin masu nutson ceto ya rasa ransa. Lokacin zuwa Kola shi ne tsakiyar rani, daga Disamba zuwa Maris. In an fara ganin hadari a arewa, a haƙura sai baɗi.

Abu na biyu shi ne zurfi. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse ba ya nuna ƙasansa. Nan ya tsaya maka a gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum, domin kogi yakan juya tsakuwa a wuri guda shekara da shekaru har ya haƙa rami mai kama da randa, gefensa sumul, ba abin kamawa. Kuma ruwan da rana ba ta taɓa shi yana da sanyin da zai iya ɗauke numfashin wanda ya faɗa ciki daga cikin zafi. Nan ne ya kamata mu gane amfanin ɗan bututun nan da iyakarsa, tunda yanzu ana samunsa da tabaransa a cikin kayan wasan yara da wasunmu ma ke sarowa. Bututun bai kai kamu ɗaya ba. Aikinsa kawai shi ne mutum ya kifa fuskarsa a ruwa yana kallon ƙasa, yana shaƙar iskar sama. Da zarar kai ya nutse, ruwa ne zai cika shi. Ba ya koya wa mutum iyo, ba ya hana nutsewa, kuma idan yaro ya kutsa ƙarƙashin dutsen da ya taɓo ruwa, ba iskar da zai ja. Illarsa ita ce yana sa wa yaro ƙarfin hali da bai kai ba. Wanda bai iya ninƙaya ba, rigar ceto ce abin sayen masa, ba tabarau ba.

Abu na uku ba a ganinsa a ranar. Tsargiya ta yi yawa a ruwayen arewacin Kamaru, musamman ruwan da ke kwance. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar wanda ya shiga. Ba sai an sha ruwan ba. Bayan makonni ko watanni sai a ga yaro na fitsarin jini. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali ciwo ne da ke cin mafitsara da ƙoda a hankali idan an bar shi. Maganinsa, Praziquantel, ana samunsa a asibiti. Uwar gida, in kika ga ja a fitsarin yaro bayan irin wannan fita, ko zazzaɓi da ƙaiƙayin jiki, ki sa a kai shi gwaji, ki kuma gaya wa likita cewa ya shiga ruwa. Wannan gargaɗi ya haɗa da tafkin Lagdo da bakin Binuwai, inda ga tsargiya ga kuma dorina.

To, wa zai gaya maka wane kwarmi ne mai zurfi, wane lungu ne ba a shiga, ko an yi ruwa a sama jiya? Ɗan jagora. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin wannan. Ba mai sauka baƙuwar kasuwa da dukiyarsa ya ce ba ya bukatar mai masauki ko dillali, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Amma abin mamaki, Alhajin da ba zai sayi buhun gyaɗa ba sai ya soka hannu har ƙasa, shi ne zai miƙa 'ya'yansa shida ga yaron da ya fara tare motarsa, don ya fi araha da jaka ɗaya. Araha ba ta ado.

Ka nemi babban mutum ɗan wurin, ba ƙaramin yaro ba. Ka tambaye shi shekara nawa yana wannan aiki, ko ya iya ruwa, da kuma wuraren da ba ya yarda a shiga. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ma'auni. Wanda ya ce maka ko'ina lafiya lau, kuɗinka yake so. Wanda ya ce, "Alhaji, nan kam ban yarda yara su sauka ba," shi ne ka riƙe, ka ƙara masa a kan abin da kuka yi ciniki. Kada kuma a tafi da gayya guda a hannun mutum ɗaya. In kun yi yawa, ku rabu kashi biyu, kowane kashi da nasa jagora, kowane ƙaramin yaro da babban da aka ɗora wa alhakinsa da suna. Inda aka ce kowa na lura, a nan ne ba mai lura.

Sauran shirin ba shi da tsada. A tafi da sassafe a dawo kafin la'asar, kowa da katin shaidarsa da takardar zama saboda shingen jandarmomi. A sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba. Babbar riga da dogon hijabi idan sun sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka mata da 'yan mata su tsaya nesa da bakin kwarmi, musamman wajen ɗaukar hoto. A riƙe doguwar igiya da jarka wadda ba komai a cikinta, an ɗaure murfinta. In Allah Ya kawo tsautsayi wani ya faɗa, a jefa masa jarkar ko igiyar, ko a miƙa masa sanda ana kwance a ƙasa. Kada wanda bai iya ruwa ba ya yi tsalle ya bi shi, domin ta haka gida ɗaya ke rasa mutum biyu. Wanda aka tsamo kuma, ko ya ce ya warware, a wuce da shi asibitin Gider a duba huhunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kulle yaro a gida ba ya fitar da shi daga wannan lissafi, sai dai ya jinkirta ranar da zai haɗu da ruwa shi kaɗai. Ku rufe shago yini ɗaya cikin wannan rani, ku kai su su ga ikon Allah a cikin dutse, su kuma ji da kunnensu ɗan jagora na cewa nan ba a shiga, su ga babansu ya bi maganar.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.