Kada A Ce Wa Kamfani Ya Ci Gaba Sai An Gwada Samfur

 Maganarmu ta wanga karo a kan samfur take, watau ɗan kayan da kamfani kan kawo a gani kafin a ce ya yi da yawa. Ra'ayinmu shi ne, kada kowa ya ba da izni a tada inji, kada kuma ya biya kuɗin mota guda, sai ya gwada samfur da hannunsa, ya ajiye shaida, ya sake gwadawa ranar da kaya sunka iso.

Wanga al'amari ya zama namu tun da harkar shinkafa ta bunƙasa a jihar Kebbi. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi. A ƙarshen 2016 anka fito da Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas. A 2017 anka buɗe masana'antar WACOT a Argungu, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi, ban da ƙananan injuna da sunka bazu a garuruwa. Yau ɗan kasuwa na kai samfarera a gyara masa, yana ba da aikin buhu dubbai da sunansa a jiki, yana sarin gyararriya tun ba a casa ta ba.

To ku duba yadda masu masana'anta ke yi da mu. In mota ta tsaya a ƙofarsu, ba su tambayar ko ɗan wane ne mai kaya. Su soka ƙarfen nan mai rami cikin buhu, su ɗebo, su sa a na'urar awon danshi. In danshi ya wuce kashi 14 cikin 100, su rage kuɗi ko su mayar da kaya. Su duba tsakuwa da ƙaiƙayi da marar ido. Ba mu ga laifinsu ba, dukiyarsu suke tsarewa. Abin tambaya, don me mu in an kawo mana nasu sai kunya ta kama mu, mu shafa da hannu mu ce madalla? Awon da ya halatta gare su ya halatta gare mu.

Kuma wanga ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malam. Littattafan fiƙihun Malikiyya da munka karanta, irin su Risala da Muhtasar, sun yarda a sayi abin awo da ganin sashensa, sun yarda a sayi ƙunshin kaya a kan takardar da ta siffanta abin da ke ciki. Amma sharaɗi shi ne sauran kayan su zo daidai da abin da anka gani ko anka siffanta. In sun saɓa, mai saye na da haƙƙin mayarwa. Ashe ke nan samfur alkawari ne, kuma ba a kama mutum da alkawarin da ba shaida.

Ga yadda muke ganin ya kamata a yi. In shinkafa ce, a auni mudu guda a baza a faifai cikin haske. A tsince tsakuwa da baƙin ido da karyayya, kowane a ware shi gefe a ga yawansa. A sansana, don shinkafar da anka turara ba ta bushe ba takan yi warin tsami. A ciza a ji taurinta. Sa'an nan a kai gida a dafa, domin mata ne alƙalan ƙarshe, su za su ce ko tana tashi ko tana caɓewa. Buhu kuma a ɗora shi a sikeli a ga kilo 50 ɗin sun cika.

In buhu ne anka ba da aikinsa, kada a tsaya ga kyawun rubutu. A cika shi, a ɗinke, a jefo shi daga bisa mota kamar yadda 'yan dako ke yi. A bar wani cikin rana kwanaki a ga ko zarensa zai tsinke, don buhun leda marar kyau rana ke cinye shi. A auna nauyin guda ɗari babu kome ciki a rubuta, saboda ta nan ake rage zare ba a sani ba. Buhun wake mai leda biyu a ciki kuwa, a tara iska cikin ledar a murɗe baki a danna. In iska ta fita, ƙwaro zai rayu a ciki.

In an yarda da samfur, a raba shi uku a ɗaure a sa hannu: ɗaya wurin kamfani, ɗaya wurin mai saye, ɗaya wurin shugaban dillalai ko sarkin kasuwa. A rubuta rana da nauyi da siffa, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Kada a biya kuɗi duka. Ranar da inji ya fara, a je a ga na farko da ya fito. Ranar sauke kaya kuma mai saye ya zaɓi buhun da za a buɗe da kansa, daga gaba da tsakiya da ƙasan mota. Wanda yaron kamfani ya miƙo maka, shi ya zaɓa, ba kai ba.

Wani zai ce ai akwai hukuma, ga tambarin NIS, ga lambar NAFDAC. Gaskiya ne, an kafa hukumar kula da ingancin kaya tun 1971, an kafa NAFDAC a 1993, kuma kada a sayi abin da ba shi da shaidarsu. Amma ma'aikacin hukuma ba ya kwana a bakin inji. Ku tuna da maganin haƙoran jarirai, My Pikin, da anka yi a Legas a 2008. An sayo sinadarin haɗi daga hannun wanda ba shi da lasisi, ashe guba ne, yara 84 sunka rasu. Kwalba ita ce, suna shi ne, abin ciki ne ya canza. Don haka gwajin jiya ba ya isar wa kayan yau.

Wani kuma zai ce ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da bakin da kamfani zai saurara. To a haɗa kai. Mutum goma su haɗa odarsu, su wakilta biyu masu ido, ƙungiya ta sayi sikeli da na'urar danshi kowa ya amfana. Kwana uku na gwaji sun fi wata uku ana kai da kawo gaban alƙali.

Sai dai mu sani, wanga awo har da mu ya hau. A 2015 ƙasashen Turai sunka hana shigar busasshen waken Nijeriya, bayan sun ɗebi samfur sun sami maganin ƙwari fiye da ƙima. Wake ba daga inji ya fito ba, daga rumbuna da shaguna irin namu ya fito. Wanda ke son a ba shi kaya daidai da samfur, kada ya sa mai kyau a bakin buhu ya ɓoye jiƙaƙƙe a tsakiya.

'Yan uwa, matar da ta sayi mudu a Jega ba ta san manajan kamfani ba, fuskarka ta sani. In ta tauna tsakuwa, sunanka za ta kira. Ba a cinikin biri a sama. A gwada kafin a biya.