Bankuna a kulle, majalisa wayam: darasi daga Labanan

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa hulɗa da Kwarori a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san irin yardar da suka yi da bankunan ƙasarsu. Shekara da shekaru, abin da ɗan Labanan ya tara a Afirka ta Yamma, ko a ƙasashen Larabawa masu man fetur, birnin Bairut yake aika shi ajiya, yana ganin ya kai shi tudun mun tsira. Daga watan Oktoba na 2019 wannan tudu ya zama rami. Laifin masu bankuna a cikin lamarin sananne ne, haka ma na babban bankin ƙasar. Amma akwai wani gida da laifinsa bai gaza nasu ba, shi ne majalisar dokoki mai kujeru 128, wadda aka zaɓa don ta yanke shawara ranar da ƙasa ta shiga uku, sai ta kwashe shekaru tana zama ba tare da ta yanke komi ba, ko kuma ta ƙi zaman gaba ɗaya.

Tushen matsalar ba shi da wuyar ganewa. Tun 1997 aka tsaida darajar kuɗin ƙasar, watau lira, a kan 1,507.5 kowace dalar Amurka. Don a riƙe wannan farashi, dole dalar Amurka ta yi ta shigowa ba yankewa. Bankuna suka riƙa jawo ajiyar jama'a da kuɗin ruwa mai tsoka, su kuma su ɗibi ajiyar su kai wa babban banki ƙarƙashin gwamna Riad Salameh, wanda ya riƙe kujerar daga 1993 zuwa 2023. Babban banki yana ranta wa gomnati, yana kare farashin lira, yana biyan tsofaffin masu ajiya da kuɗin sababbi. Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san abin da ke faruwa ranar da zubi ya tsaya alhali masu jiran kwasa sun yi layi. Ranar 17 ga Oktoba 2019 jama'a suka fantsama kan tituna saboda harajin da gomnati ta so ta ɗora wa kiran waya ta WhatsApp. Bankuna suka rufe ƙofofinsu mako biyu. Da suka buɗe, kowane banki ya yanka wa kansa ƙa'ida: ga abin da mutum zai iya cira a mako, ga wanda za a bari ya aika kuɗi waje, ga wanda za a ce ya dawo gobe.

A irin wannan rana aikin majalisa a bayyane yake. Hasara ta riga ta auku, babu jawabin da zai maido da kuɗin da aka ci. Abin da ya rage tambayoyi uku ne: nawa ne giɓin, wa zai ɗauke shi, kuma wace doka za ta hana masu hanya su tsere da nasu kafin a yi rabon. Tsibirin Kubrus, maƙwabcin Labanan ta teku, ya gamu da irin wannan rana a watan Maris na 2013. Ranar 19 ga watan majalisarsa ta yi watsi da shirin farko, wanda ya so ya yanki wani kaso har daga ajiyar ƙananan mutane. Ranar 22 ga watan ta zartar da dokokin da suka ƙayyade fitar da kuɗi da sake fasalin bankuna. Aka kare duk ajiyar da ba ta wuce yuro 100,000 ba, watau sefa miliyan 65 da ɗoriya, manyan masu ajiya da masu hannun jari suka ɗauki nauyin. Da bankuna suka buɗe ranar 28 ga Maris, iyakar cira ɗaya ce ga kowa: yuro 300 a yini, kusan jaka 197. Maganin ya yi ɗaci, mutane da yawa sun yi kuka da shi, amma a rubuce yake, an san waɗanda suka jefa masa ƙuri'a, kuma a 2015 aka ɗage ƙayyadewar baki ɗaya.

A Bairut kuwa, daftarin dokar ƙayyade fitar da kuɗi ya yi ta yawo tsakanin gomnati da kwamitocin majalisa shekara bayan shekara, ana kawo shi ana mai da shi. Ranar 19 ga Nuwamba 2019, wata guda da fara rikicin, masu zanga-zanga suka tare hanyoyin majalisa har zaman ya watse don rashin isassun depitoci, kuma abin da ya fi harzuƙa su shi ne dokar afuwa da ke cikin ajandar ranar, wadda suke zargin za ta wanke masu cin dukiyar ƙasa. Da yake babu doka, sai ƙofa ta zama ƙunci ga mai ƙaramar ajiya, ta zama fili ga mai uwa a gindin murhu. Alain Bifani, babban darakta a ma'aikatar kuɗi wanda ya ajiye aiki a watan Yuni na 2020, ya yi zargin cewa kusan dalar Amurka miliyar 6 aka sulale da su waje bayan Oktoban 2019, a daidai lokacin da ake auna wa malamin makaranta ɗari biyu ko uku daga guminsa.

Sau ɗaya majalisar ta nuna kuzari na gaske, shi ma don ta rushe ne. A watan Maris na 2020 Labanan ta kasa biyan bashinta na ƙetare, karo na farko a tarihinta. Ƙarshen Afrilu gomnatin faraminista Hassan Diab ta fito da shiri mai bayyana girman giɓin, wanda ya ɗora kaso mai yawa na hasarar kan masu hannun jarin bankuna, ta kuma buɗe tattaunawa da asusun FMI. Nan take kwamitin kuɗi na majalisa, ƙarƙashin Ibrahim Kanaan, ya kafa nasa binciken, ya fito da alƙaluman da suka gaza na gomnati nesa ba kusa ba, suka fi kusa da na bankuna. Wakilan ƙasa ɗaya suka zauna gaban FMI da lissafi biyu masu karo da juna, tattaunawar ta cije. Ranar 4 ga Agusta tashar jiragen ruwa ta Bairut ta fashe, mutane sama da 200 suka rasu, gomnati ta yi murabus, ƙasa ta yi wata 13 a hannun gomnatin riƙo. Giɓin da aka ƙi amsawa a 2020, gomnati da kanta ta ƙiyasta shi sama da dalar Amurka miliyar 70 a 2022.

Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Hasarar da majalisa ta ƙi rabawa da doka, an raba ta a ɓoye, a bakin tagar kashiya. Babban banki ya ba da umurni cewa mai ajiyar dalar Amurka yana iya cire ta da lira, a kan farashin da bankin ya yanka: 3,900 a 2020, sannan 8,000, sannan 15,000 a 2023. A ƙarshen wannan shekara ta 2023 dalar Amurka ɗaya tana kusan lira 89,500 a kasuwa. Ke nan wanda ya cire ɗari daga ajiyarsa, abin da ya shiga aljihunsa bai kai darajar 17 ba. Ma'aikacin gomnati mai albashin lira miliyan ɗaya da rabi, wanda kafin rikicin ya yi daidai da dalar Amurka 1,000, ya wayi gari albashin nan ba ya cika masa tankin mota. Kuɗin sallamar tsofaffin ma'aikata ya narke haka nan. Babu depite ko ɗaya da ya ɗaga hannu ya amince da wannan yanka, kuma dalilin ke nan da ya sa aka bar shi ya gudana: hukunci ne marar sa hannu, wanda ba za a tuhumi kowa da shi ranar zaɓe ba. Bankin Duniya ya kira abin durƙushewar ganganci, ya kuma ce a 2021 mai yiwuwa rikicin yana cikin uku mafi muni da duniya ta gani tun tsakiyar ƙarni na 19.

Zaɓen Mayu na 2022 ya shigo da sababbin fuskoki goma sha uku daga cikin masu neman canji, amma Nabih Berri, wanda ya hau kujerar shugabancin majalisa tun 1992, ya sake hawanta da ƙuri'a 65. Wa'adin shugaban ƙasa Michel Aoun ya ƙare ranar 31 ga Oktoba 2022. Daga Satumban 2022 zuwa 14 ga Yuni 2023 majalisa ta yi zama 12 don zaɓen magajinsa, jama'a suna kallo a talabijin. Kusan kowane zama fasalinsa ɗaya: a jefa ƙuri'a zagaye na farko, wasu su jefa farar takarda, wani ma ya rubuta sunan Nelson Mandela, sannan wani gungu ya tashi ya fice kafin zagaye na biyu don kada adadin 86 da ake bukata ya cika, shugaban majalisa ya ɗage zama. Wasu jam'iyyun kuma suka ƙaurace wa zaman yin dokoki, da hujjar cewa muddin babu shugaban ƙasa, aikin majalisa zaɓe ne kaɗai. Bayan Yunin 2023 ba a sake kiran zaman zaɓen ba har wata goma sha takwas suka shuɗe. Yarjejeniyar farko da aka ƙulla da FMI a Afrilun 2022, ta dalar Amurka miliyar 3, ta tsaya cik saboda ba a cika sharuɗɗanta ba, da yawansu dokoki ne da ke jiran majalisa.

Masu kare depitocin suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa tsarin Labanan na rabon muƙamai tsakanin ɗariƙu da addinai yana bukatar sulhu kafin ƙuri'a, kuma ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990 ba ta wasa da rinjayen da zai bar wani ɓangare a waje. Suna cewa ƙaurace wa zama makami ne da demokaraɗiyya ta yarda da shi. Gaskiya ne, amma makamin yini ɗaya ne, na nuna ƙin amincewa da wani abu takamaimai. Idan ya zama sana'a, ana karɓar albashi da alawus a kansa, to ya koma fashin aiki irin wanda ake korar ƙaramin ma'aikaci saboda shi. Sulhun da ake faɗa kuma bai taɓa gagara ba idan maganar ɗage zaɓe ce: majalisar da aka zaɓa a 2009 ta ƙara wa kanta wa'adi sau uku, ta zauna har 2018.

Inda doka ta janye, ƙarfin tuwo ke maye gurbinta. A watan Agusta na 2022 wani mutum ya yi garkuwa da ma'aikatan banki a Bairut yana neman kuɗinsa don jinyar mahaifinsa, jama'a suka taru a waje suna yi masa kirari. A Satumba wata matashiya ta shiga banki da bindigar wasan yara, ta fito da kimanin dalar Amurka 13,000 daga ajiyar gidansu don maganin ƴar uwarta mai ciwon daji. A Oktoba wata depite, Cynthia Zarazir, ta yi zaman dirshan cikin banki har sai da aka ba ta 8,500 na aikin tiyata. Idan mai yin doka da kanta ba ta da wata hanya sai wannan, ina ga tela da direba? Sai ranar 9 ga Janairu 2025 aka zaɓi Janar Joseph Aoun. A Afrilun 2025 majalisa ta gyara dokar sirrin bankuna, ƙarshen Yuli ta zartar da dokar sake fasalinsu. Abin da Kubrus ta yi cikin mako guda ya ci wa Labanan kusan shekara shida, kuma da yawa daga cikin tsofaffin da ke jiran ajiyarsu ba su ga ranar ba.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1990 bankin BDRN ya durƙushe ƙarƙashin basussukan da aka ci ba a biya ba. Bayan takunkumin CEDEAO da UEMOA na 2023, ƴan kasuwa da ma'aikata sun sha layi a ƙofar bankuna, ana ƙayyade musu abin da za su cira. Ƙasar ta kuma san inda kai-ruwa-ranar ƴan siyasa ke ƙarewa: takun-saƙar 1995 tsakanin shugaba Mahamane Ousmane da faraminista Hama Amadou ta share fagen juyin mulkin 27 ga Janairu 1996. Wanda ya gaji da majalisar banza yakan ce a rushe ta a huta. Sai dai rabon hasara a ɓoye ya fi sauƙi inda babu majalisar ko kaɗan, domin a can babu wanda za a tambaya, babu zaɓen da za a jira.

Maganin depite mai fashi shi ne a sa masa ido. Kowace majalisa da ke cin kuɗin talakawa, ya wajaba ta buga sunayen waɗanda suka halarci kowane zama da waɗanda suka fice, a yanke alawus ɗin wanda bai zo ba. Ƙuri'a kan dokar kuɗi ta kasance a fili, suna bayan suna. Depiten da ke da hannun jari a banki, ko bashin banki a wuyansa, ya bayyana shi kafin ya buɗe baki a muhawarar bankuna. Shugaban majalisa kuma kada a bar masa makullin zaure a aljihu, ya kira zama ran da ya ga dama. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago su ne suka fi kowa hasara idan banki ya rufe, don haka su ya kamata su fara neman waɗannan ƙa'idoji tun ana zaman lafiya. Mutanen Labanan sun gane a makare cewa kujerar da depite ya bari wayam ita ma ƙuri'a ce, kuma ba talaka aka jefa wa ita ba. Allah Ya sa masu gemu su shafa wa nasu ruwa.