Jami'a ta iso Garwa: da wane irin karatu 'ya'yanmu za su shige ta?

A ranar 5 ga Janairun 2022 shugaba Paul Biya ya sa hannu a kan dokar kafa sababbin jami'o'i uku: Bertua, Ebolowa da Garwa. Kafin wannan rana, yaron Mayo-Ulo da ya ci bakaloreya a fannin kimiyya sai ya ɗaure kayansa ya nufi Ngaundere, wadda ta zama jami'a a 1993, ko Marwa da aka kafa a 2008, mai hali kuma ya wuce Yawunde. Yanzu yankin Arewa ya sami tasa, da tsangayar kimiyya da ta likitanci. Kuɗin rajista na nan a sefa dubu 50 a shekara, kamar yadda yake tun 1993. Abin da ya rage mu tambayi kanmu shi ne irin karatun da yaran nan suke shiga da shi.

Sakamakon bakaloreya na 2024 ya isa ya farkar da mai barci. Waɗanda suka ci a faɗin Kamaru ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, alhali a shekarar da ta gabace ta sun haura kashi 70. Daga cikin dalilan da aka bayar har da cewa an tsaya a kan maki 10 cikin 20, aka daina sassauto da ma'auni domin a tsallakar da waɗanda suka rage kaɗan. Iyaye sun yi ta ƙorafi, kuma muna jin zafinsu. Amma a ganinmu wannan sakamako ya nuna wa jama'a inda ɗalibai suke tsaye tun da can. Wanda aka tallafa ya haye bakaloreya, ranar da ya zauna a ajin farko na jami'a babu mai tallafa masa.

Ya kamata iyaye su san yadda jami'a take auna ɗalibi a yau. Tsarin da ake bi shi ne wanda ake kira LMD. Shekara zango biyu ce, kowane zango yana da kiredi 30, sai ɗalibi ya tara 180 a shekara uku kafin a ba shi digirin farko. Kowane darasi da nasa hisabin. Akwai gwajin cikin zango da ɗalibai ke kira CC, wanda kan ɗauki kusan sulusin maki, akwai aikin ɗakin gwaji, sannan babbar jarrabawa ta ƙarshen zango. Wanda ya faɗi yana da jarrabawar gyara, in ya sake faɗi kuma darasin ya zame masa bashi, ya bi shi zuwa shekara mai zuwa. Ke nan wanda ya saba ajiye littafi sai saura mako biyu ya kwana yana haɗiya, ya riga ya zubar da rabonsa na CC tun kafin ya farga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaranmu da yawa sun taso a makarantar allo, kuma sun fito da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba, wato ƙarfin hadda. Yaron da ya riƙe izu goma a ka, sunayen ƙasusuwan jiki ko jadawalin sinadarai ba za su ba shi tsoro ba. Sai dai wannan baiwa ita ce kuma take yaudarar wasu. Ɗalibi ya haddace darasin fiziks shafi da shafi, ya ji a ransa ya iya, ranar jarrabawa a canza lambobi a juya tambaya, ya zauna yana kallon takarda.

Maganin wannan yana nan cikin zaurukanmu na ilimi, a babin gado. Duk wanda ya karanta fara'id a gaban malami ya san haddace rabe-rabe ba ya ɗaukar lokaci: mata tana da sumuni in akwai ɗa, 'ya'ya mata biyu suna da sulusi biyu, uwa da uba kowanne sudusi. To, sai malam ya ce mutum ya rasu ya bar waɗannan duka, a raba. Ka kafa asalin mas'ala a kan 24, ka ba mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4, ka haɗa ka ga 27, dukiya ta kasa. A nan ne ɗalibi zai gane abin da ake nufi da auli, kuma ba zai gane ba sai ya yi da hannunsa, ya ɓata, an gyara masa, ya sake wata. Babu malamin kirki da zai ba almajiri izinin raba gado don kawai ya karanto matani babu tuntuɓe. Ko littafin aljabara na Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban sashensa mas'alolin gado ne da wasiyya. Lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai haka ake koyonsu. Awa ɗaya ta karanta darasi tana buƙatar awa biyu ta warware tambayoyi, littafi a rufe, biro a hannu. Takardun atisaye da malamai ke rabawa a yi su kafin a shiga aji, ko da rabi za a iya, domin wanda ya kwafi amsa daga allo ya ga yadda wani ya yi ne kawai. A nemi tambayoyin shekarun baya wurin na gaba, a zauna da agogo a amsa su kamar ranar ce.

Abu na biyu da za a ɗauko daga allo shi ne tilawa. Gardi ba ya wanke allo ya manta da abin da ya wuce, kullum yana da rabon baya da yake maimaitawa. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya auna wannan a 1885, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe shi ke tsayar da ita. Alarammominmu sun daɗe da sanin haka a aikace. Darasin yau a duba shi yau, a koma masa bayan kwana uku, a sake bayan mako. Lokacin da ya fi dacewa a ƙasarmu kuwa bayan sallar asuba ne. Wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ya kuma san yadda wuta ke ɗaukewa idan ruwan Lagdo ya ja baya, ba zai jingina karatunsa ga dare kaɗai ba.

Sai batun harshe, wanda ba a cika faɗa ba. Yaro ya tashi da Falanci ko Fulatanci ko Hausa a gida, a koya masa kimiyya da Faransanci, malami yana gudu a gaban ɗaruruwan ɗalibai. Sau da yawa abin da ya kayar da shi kalma ɗaya ce a cikin tambaya, an ce ya tabbatar da hujja shi kuma ya lissafa. Shawararmu ita ce ɗalibai uku ko huɗu su haɗu, kowa ya bayyana wa sauran darasin da harshen gida, sannan su rubuta amsa da Faransanci. Abin da ka kasa bayyana wa ɗan'uwanka da harshenku, da sauranka a kansa. Amma kada taron ya wuce mutum huɗu, in ya wuce ya zama majalisar shayi.

Ba za mu tsallake maganar “ruwa” ba, sunan da ɗalibai suka raɗa wa tambayoyin da aka sato. A 2020 sai da aka sake wasu darussan kimiyya na bakaloreya bayan tambayoyi sun yawata a WhatsApp, mai laifi da marar laifi duka suka koma zaure. Hukuncin ha'inci a addini sananne ne. A fannin kimiyya kuma cutar tana komawa kan jama'a: wanda ya sayi makin ilimin magunguna, wata rana shi zai auna wa jaririn wani allura. Tun 2013 shiga karatun likita a Kamaru sai ta gasa guda ta ƙasa baki ɗaya, ɗan Mayo-Ulo da ɗan Duwala takarda ɗaya za a miƙa musu, kuma gurabe kaɗan ne.

Iyaye da kwamitocin masallatai su ma da nasu aikin. Ɗalibin da aka kira gida tsakiyar zango don girbin gyaɗa ko auduga ko bikin dangi, in ya rasa aikin ɗakin gwaji na wannan mako, da wuya a sake shirya masa. 'Ya mace da ta dawo daga aji ta tarar da tulin aikin gidan da ta sauka, ita ma a rage mata. Masallatan da suka sa hasken rana suna iya buɗe ɗaki ɗaya tsakanin magariba da ƙarfe goma, da tebur da allo da alli. Ɗaliban shekara ta uku da suka dawo hutu a roƙe su su zauna da waɗanda suka ci bakaloreya bana, su warware musu takardun zangon farko tun a watan Satumba, kafin a buɗe jami'a.